Inbata ta ƙi tashi bayan wata 10 a rufe: laifin ƙanin mijina ne?

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai 'ya'ya uku, a Zariya nake zaune. Bara Allah ya yi wa maigidana rasuwa. Bayan na fita takaba iyayena suka ce in koma gida in ɗan huta, sai na rufe gidan na bar makulli a hannun ƙaninsa don ya riƙa leƙawa. Wata 10 na yi a can, yanzu na dawo saboda makarantar yara. Marigayi ya sa mana inbata mai batura biyu, dogayen nan da ake zuba wa ruwa, an rubuta 200Ah a jikin kowanne. Da wutar NEPA take caji, ba mu da sola. Ranar da zan tafi na kashe ta ta maɓallinta, na sauke wutar gidan gaba ɗaya, kuma lafiya lau na bar ta. Yanzu na danna har na gaji, ba haske, ba ƙara, ko an kawo wuta shiru. Na kira wani mai gyara, ya dube ta a tsaye ya ce bod ɗin ne, wato ƙwaƙwalwar da ke cikinta, ya ƙone, gara in sayi sabuwa. Yayata kuwa cewa ta yi ba wani bod, ƙanin mijina ne ya yi ta amfani da ita har ta lalace, ko ma ya sauya baturan da matattu. Tun ranar da ta faɗi haka ban ƙara sakin jiki da shi ba, shi ma na san ya lura. Kuɗin sabuwa ba ni da shi, yara kuma suna karatun dare da fitilar waya. Yaya zan yi?

Uwar yara uku, Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan maigidanki, ya kyautata makwancinsa, ya raya abin da ya bari.

Zan fara da maganar yayarki, domin ita ce ta fi inbatar hana ki barci. Abin da kika kwatanta, a danna maɓalli shiru, a kawo wuta shiru, shi ne ainihin halin inbatar da aka rufe ɗaki aka bari babu wanda ya taɓa ta. Da a ce ƙanin mijinki yana shigowa yana ɗaga wutar gidan, yana kunna fanka da kallo, da baturan sun riƙa samun caji duk lokacin da aka kawo wuta, kuma da wuya ki dawo ki tarar da su a mace haka. Irin wannan batir zaman banza ya fi aiki saurin kashe shi.

Ga yadda abin yake. A cikin kowane batir mai bolt 12 akwai ɗakuna shida, kowane ɗaki da allunan dalma a jiƙe cikin ruwan asid, kuma kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1 idan ya cika. Shi ya sa cikakken batir, in an bar shi ya huta aka auna, yakan nuna 12.6 zuwa 12.8. Duk lokacin da batir ke ba da wuta, wani farin gishiri da ake kira salfet yana taruwa a jikin allunan nan. Haka aka ƙera shi ya yi aiki, da an sa caji gishirin sai ya narke ya koma cikin ruwan. Inda ɓarna take shi ne a bar batirin a sauke kwana da kwanaki. Gishirin sai ya daskare, ya yi tauri, ya rufe fuskar allon, cajin yau da kullum ya kasa narkar da shi. 'Yan makonni a sauke sun isa su rage wa batir ƙarfi, balle watanni.

Za ki ce ai a cike kika bar su, kuma kin kashe inbatar. Batirin dalma ko an cire masa kowace waya an ajiye shi a gefe, yana zubar da cajinsa da kansa. A wuri mai sanyi-sanyi, wajen digiri 25, rufaffen batir yakan rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a wata, masu ruwa irin naku sun fi haka. Duk ƙarin zafin digiri 10 kuma yana kusan ninka wannan asarar. Ki tuna ɗakin da aka kulle tagoginsa ƙarƙashin kwano, ya sha zafin Maris da Afrilu babu mai buɗewa. Sannan maɓallin da kika danna bai raba inbatar da baturan ba. Muddin manyan wayoyin nan, ja da baƙi, suna ɗaure, akwai inbatocin da ke ci gaba da tsotsar wuta kaɗan-kaɗan don bod ɗinsu ya zauna a shirye. Mu ƙaddara taku tana jan amfiya 0.05 kacal, abin da bai kai na ƙaramin ƙwan fitila ba. A wata guda ya zama 36Ah, Ah ɗin nan shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa. Kafin wata shida 200Ah ɗin ta ƙare ƙaf, ko da ba a lissafa zubewar da batirin ke yi da kansa ba. Ke kuwa wata 10 kika yi. Ke nan akwai yiwuwar sun yi wata huɗu ko fiye a kwance babu ko ɗigon caji.

Abin da ke rikita mutane, kuma na tabbata shi ya sa kika yarda da maganar bod, shi ne an kawo wuta amma ba ta motsa ba. Da yawa daga inbatocin da ke gidajenmu ba daga wutar NEPA bod ɗinsu ke samun abin da zai farka da shi ba, daga batir ne. Sai bod ya farka sannan ya gane an kawo wuta, ya buɗe hanyar caji. Wasu kuma da gangan aka tsara su kada su caja batirin da ya faɗi ƙasa sosai, don tsaro. Kamar injin ban ruwa ne a fadama, yana bakin kogi amma sai an ɗura masa ruwa kafin ya jawo ruwa. Inbata mai bolt 24 takan kashe kanta tun wajen bolt 21, wato 10.5 a kowane batir. In baturanki sun koma bolt 5 ko 6 kowanne, babu abin da zai haska a fuskarta ko da lafiyarta ƙalau.

Don haka mai gyaran da ya yanke hukunci a tsaye, bai ciro mitar awon bolt ba, ban ce macuci ne ba, amma bai yi aikinsa ba. Kuma ki lura da inda shawararsa za ta kai ki. Ki ci bashi ki sayo sabuwar inbata, a ɗaura ta kan waɗannan baturan, ita ma ta ƙi tashi, ko ta tashi ta mutu bayan minti goma, sannan a ce miki ai Hajiya sai an sauya batura. Kin biya sau biyu ke nan, alhali wataƙila ta farkon ba abin da ya same ta.

Kafin komai, ki sa a duba ko akwai maɓallin da ke ba gidan wutar NEPA kai tsaye ba ta cikin inbata ba. Yawancin masu haɗawa suna sa shi a bango kusa da ita. A mayar da gidan can, ko ba komai yara su samu haske idan an kawo wuta, ke ma ki samu natsuwar bin abin a hankali.

Sai ki nemo wani mai gyaran, sharaɗinki ɗaya da shi: ya zo da mita, kuma ya nuna miki lambar da idonki. Kada ki ji nauyin tsayawa a kansa, kayan marayu ne. Ya auna kowane batir shi kaɗai, ki rubuta. In kin ga 12.4 zuwa sama a duka biyun, to baturan suna da rai, laifin yana wani wuri, zan zo kansa. In 12.0 zuwa 12.2 ne, sun sauka zuwa rabi ko ƙasa da rabi, caji kawai suke so. In ƙasa da 10.5 ne, sun sauka gaba ɗaya, kuma nan nake sa ran za ki same su. Daga nan ya auna a bayan inbatar, daidai inda wayoyin suka shige ta. Idan baturan biyu a haɗe suna nuna wata lamba amma a bakin inbatar sifili ne, wutar ba ta isowa, wato fis ya yanke, ko bireka ta faɗi, ko kan batir ya ci tsatsa, ko ɓera ya yi aikinsa. Wannan awo duka bai wuce minti biyar ba.

Akwai gwaji ɗaya da zai raba gardamar bod nan take, kuma ba ya cin kuɗi sai na ɗauko kaya. A duba takardar da ke manne a jikin inbatar a tabbatar ko ta bolt 24 ce ko ta 12, domin batura biyu ana iya haɗa su ta kowace hanya. In ta 24 ce, a aro batura biyu masu rai, ko na mota ne sun wadatar, a cire naku a jera waɗannan a madadinsu, a danna maɓalli ba tare da an ɗora mata kaya masu nauyi ba. Fuskarta ta haska, fankarta ta juya, ƙwan fitila ɗaya ya kama? Bod ɗinki lafiya lau, an gama wannan magana. In aka sa mata batura masu rai, fis ɗinta ma an duba yana nan, amma ta ƙi motsi, sai a fara zancen buɗe ta. Ko a nan ɗin ma ba a kai ga sayen sabuwa ba. Na'urar da ta yi wata 10 a ɗaki kulle gidan haya ce ga kyankyasai da tsaka, zanzaro kan yi gini a cikin fanka, ƙurar hunturu ta haɗu da laimar damina ta kwanta a kan bod. Sau da yawa sharewa da sauya ɗan abu ɗaya ko biyu ne gyaran. Amma buɗe ta aikin mai gyara ne, kada ke ko yaro ya sa hannu, akwai kafasitoci a ciki da ke riƙe wuta bayan an cire komai.

Tunda na ambaci cire wayoyi, bari in tsaya a nan kaɗan, don a wannan wurin ne ake ƙona inbatar da ba ta da laifi. Kafin a kwance ko da noti ɗaya, ki ɗauki hoton yadda wayoyin suke da wayarki, daga sama, yadda za a ga wacce ta tafi ina. In aka juya ja da baƙi wajen mayarwa, ko na ƙiftawar ido ne, a lokacin ne bod zai ƙone da gaske. A sauke wutar NEPA tukuna, a fara cire baƙar waya, a naɗe ƙotar sifana da tef, mai aikin ya cire zobe da agogon ƙarfe. Batirin da ya kasa tayar da inbata yana iya samun ƙarfin da zai narkar da sifanar da ta haɗa kawunansa biyu. A buɗe taga, kada a sha sigari ko a kunna ashana kusa, saboda batir yana fitar da iskar haidirojin, musamman lokacin caji, ita kuwa tartsatsi kaɗan take jira. Yara su fita daga ɗakin. In ruwan ciki ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, na ido kuma a wuce asibiti. Idan an zo mayarwa za ki ga ɗan tartsatsi lokacin da waya ta ƙarshe ta taɓa kan batir. Kada ya tsorata ki, kafasitocin ne ke cika.

In an tarar da wani fari ko koren gari ya taru a kawunan batir, a jiƙa kanwa a ruwan ɗumi a goge da tsohon buroshin haƙori, marufan ɗakunan suna rufe gam, don kada ko ɗigo ya shiga ciki ya kashe asid ɗin. A shanya, a ɗaure da kyau, a shafa ɗan basilin.

Yanzu mu ɗauka an auna an samu abin da nake zato. Baturan sai sun bar gida sun je wurin mai cajin batir, ko shi ya zo da cajarsa, domin taku inbatar ba za ta iya tayar da su ba. Kafin a ɗauka a dube su da ido. Wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko yake yoyo, ba a cajinsa, ya gama. In jikinsu lafiya, a buɗe marufan a leƙa. Idan ruwan ya ja ƙasa har allunan sun fito, a ƙara tataccen ruwan distil da ake sayarwa a shagon batir, daidai yadda zai rufe allunan, sauran cikon sai bayan caji domin ruwan yana ɗagawa. Ba asid ba, ba ruwan leda ba, ba na rijiya ko famfo ba, gishirin da ke cikinsu yana lalata allunan. Kowane ɗaya daga irin waɗannan baturan yana kusan kilo 60, a tsaye ake ɗaukarsu, ba a kwantar da su a bayan babur.

Ki gaya wa mai cajin abu biyu. Kowanne a caja shi daban, kuma a hankali. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce kashi ɗaya cikin goma na girman batir, wato amfiya 20 ga mai 200Ah, wanda ya daɗe a sauke kuwa ƙasa da haka ya fi masa. A lissafi kaɗai awa 10 ne mafi ƙaranci, a aikace yini da kwana, wani ma kwana biyu. Duk wanda ya ce ki dawo bayan awa uku an gama, ya ɗura masa wuta da ƙarfi ne, saman ya nuna cika, cikin bai taɓu ba. In jikin batirin ya yi zafin da hannu ba zai iya zama a kai ba, a dakata ya huce. Wasu cajojin zamani ba sa ma ganin batirin da ya faɗi ƙasa sosai, sai su nuna kamar ba a haɗa komai ba. Wannan ba hukuncin mutuwa ba ne, tsohuwar caja mai taransifoma takan ɗago shi zuwa inda ta zamanin za ta karɓa.

Za ki haɗu da masu cewa a zubar da tsohon ruwan a zuba sabon asid, batir zai dawo sabo. Kada ki yarda. Asid ɗin da ake ganin ya yi rauni bai gudu ko'ina ba, yana daskare a jikin allunan a matsayin gishirin nan. In aka ƙara wani a kai, batirin zai nuna lamba mai kyau na ɗan lokaci, sannan allunan su ci gaba da zagwanyewa fiye da da. Haka su ƙwayar magani da garin da ake barbaɗawa a ciki, kuɗinki ne kawai zai tafi.

Bayan caji kada ki karɓi lambar da aka auna nan take, batirin da aka cire daga caja yanzu ko matacce ne yana iya nuna 13. A bar su su kwana babu komai a jikinsu, da safe a auna. Wanda ya tsaya 12.5 zuwa sama akwai fata. Wanda ya dawo wajen 10.5 kuwa, ɗaki ɗaya daga cikin shidan ya mutu, ki cire 2.1 daga 12.6 za ki ga lissafin, kuma wannan ba ya gyaruwa. In mai cajin yana da abin awon kaurin ruwan batir, gilashin nan mai robar matsawa a kai, ya auna ɗakunan shida ɗaya bayan ɗaya. Cikakke yakan nuna tsakanin 1.240 da 1.280 gwargwadon kamfani, amma abin da za ki sa wa ido shi ne su zo kusa da juna. Ɗaya ya yi nisa da 'yan'uwansa, ciwon yana nan. Gwaji na ƙarshe shi ne na ɗaukar kaya. A ɗaura wa kowanne ƙwan fitilar gaban mota mai wat 55, wanda ke jan wajen amfiya 4.5. Lafiyayyen batir mai 200Ah zai riƙe shi awa biyar bai sauka ƙasa da bolt 12 ba. Wanda ya zube zuwa 11 cikin awa guda, suna kawai ya rage masa.

Ba zan ɓoye miki ba, batirin da ya yi watanni a ƙasa cikin zafi da wuya ya dawo yadda yake. Wasu sukan dawo da rabin ƙarfinsu, su ƙara ja na wani lokaci, kuma rabin 200Ah ya isa fitilu da fanka ɗaya na daren karatu. In dama sun kai shekara uku ko huɗu suna aiki kafin ki tafi, ki shirya zuciyarki a kan cewa wannan zaman ya ƙarasa su ne kawai.

Masu karatu da ke da ƙaramar UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, da ta daɗe a kwali, labarin ɗaya ne. Ɗan rufaffen batir ne a ciki, yawanci mai bolt 12 da 7Ah, kuma da yawansu ba sa kunnuwa ko an sa su a soket idan ya mutu. Sauya shi ya fi arha nesa ba kusa ba a kan sayen sabuwa. Masu batirin litiyam kuma, akwai bod na tsaro a cikinsa da ke rufe ƙofa idan caji ya yi ƙasa, sai a auna a ga kusan sifili alhali barci yake, cajar da ta dace da shi ce ke tayar da shi.

Mu dawo kan ƙanin mijinki. Zargin amfani da ita dai kin ga bai tsaya da ƙafarsa ba. Saura na sauya batura, shi ma ana iya duba shi ba tare da an ce da kowa uffan ba. Kowane batir yana da lamba da kwanan watan ƙira, ko a manne ko a buga a jikin murfi. Ki binciki takardun marigayi, rasit ko katin garanti, ki gwada lambobin. In babu, ki duba hotunan da ke wayarsa ko taki, da wuya a rasa wanda kusurwar inbatar ta fito a ciki. Wanda ya haɗa muku ita ma zai iya tuna irin da ya sa. Kuma kafin mai gyara ya taɓa, ki dubi notocin kan batir da ƙurar da ke kansu da ƙasan inda suke zaune. Abu mai kilo 60 ba a janye shi a mayar da wani ba tare da ya bar sawu ba. In kin ga ƙura ta kwanta bai ɗaya, tsatsa ta rufe noti babu sabon gurbin sifana, kin samu amsarki.

Ni dai shawarata, kada ki jira sakamakon wannan bincike kafin ki gyara fuska. Hausawa na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, naki kuwa ko hujja bai samu ba tukuna, maganar wadda ba ta auna komai ba ce. Mutumin nan baffan 'ya'yanki ne, shi za a nema ranar ɗaurin aurensu, kuma wata 10 yana ɗauke da amanar gidan da ba nasa ba. Tunda ya lura kin sauya, yana can yana lissafin abin da ya yi miki. Hanya mafi sauƙi ita ce ki jawo shi cikin aikin. Ki kira shi ki ce, "Baffansu, inbatar nan ta ƙi tashi, an ce baturan ne suka sauka saboda daɗewa. Don Allah ko za ka taimaka a kai su caji, ka tsaya a kai?" Dama kina buƙatar namiji mai ƙarfi da abin hawa. Ba sai kin ba shi haƙuri a kan zargin da bai ji daga bakinki ba, buɗe wannan zance zai iya haifar da abin da babu shi. Yayarki kuma, na san kishinki ne ya sa ta faɗa, amma ki kai mata lambobin mita ki roƙe ta maganar ta tsaya a tsakaninku, kada ta isa kunnen dangin miji. In kuma, Allah ya kiyaye, lambobin batir suka saɓa da na rasit ƙarara, kada ki tare shi ke kaɗai, kada kuma ki aika yayarki. Ki samu babba ɗaya a gidansu da kowa ke jin nauyinsa, ki nuna masa takarda, ki bar masa.

Wani abu da bai zo a wasiƙarki ba amma zai taso. Idan ba a raba gado ba tukuna, inbatar da baturan suna cikin dukiyar magada. Matattun batura kuɗi ne, masu saye suna biya saboda dalmar da ke ciki, shagunan batir da yawa kuma suna karɓar tsoho su rage miki kuɗin sabo. Kafin ki sayar ko ki musanya, ki sanar da wanda ke kula da rabon, a rubuta nawa aka samu da inda aka sa shi. Ƙaramin abu ne, amma irinsa ne ake tonowa bayan shekara biyar. Kuma kada ki bari a fasa su ko a zubar da ruwansu a tsakar gidanki. Dalma guba ce ga ƙananan yara, ba mu manta da abin da ya faru a Anka da Bukkuyum ta jihar Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara.

Nan gaba in tafiya ta kama ki ta fiye da wata guda, ki bari baturan su cika tukuna, a duba ruwansu, a kwance baƙar wayar gaba ɗaya a naɗe bakinta. Duk wata biyu, in ya daɗe uku, wani ya zo ya mayar da ita a yi caji na yini guda a sake cirewa.

Idan gwaji ya nuna ɗaya ya mutu ɗaya yana da sauran rai, za a ba ki shawarar ki sayi sabo guda ki haɗa da tsohon. Kada ki yi. A jere suke, wuta ɗaya ke ratsa su, tsohon zai riƙa saurin sauka yana jan sabon, cikin 'yan watanni ki rasa duka. In kuɗin manya biyu bai samu ba, sababbi biyu masu 100Ah iri ɗaya sun fi miki, sai a sa mai gyara ya rage ƙarfin cajin inbatar ya dace da su, wajen amfiya 10. A bolt 24, in kina tsayawa a rabin caji don su yi ƙarko, za ki samu abin da zai riƙe fankar sama biyu da ƙwayayen LED biyar na kimanin awa biyar. Dutsen guga, hita da firji kuwa a bar su sai an kawo wuta.